Tuwon da Saje Bai Ƙarasa Ba

Hashimu, tunda iyalinka ta kusa sauka, kuma na ji ƙannenka sun soma gardama a kan sunan da za ka sa, gara in zauna in rubuta muku yadda aka yi ka sami naka, kafin masu ƙara gishiri su gama da labarin. Na ji an ce wai a mafarki aka nuna mini. Na ji wata ta ce wani boka ne a ƙasar Sin ya umarce ni. Ni ban yi mafarki ba, boka kuwa ko na gan shi a can ba mu da yaren da za mu yi magana. A bakin kwanon tuwo na samo sunanka, a wani ƙaramin ɗakin otal a Guangzhou.

Dole in fara da kakana, mahaifin babana, don ba za ku gane komai ba sai da shi. A gidanmu ba a ambatonsa. Abin da na sani game da shi guntu-guntu na tsinto, mafi yawa daga bakin yaran unguwa in faɗa ya haɗa mu. Ya shiga sojan Turawa yana saurayi. Ba da bindiga ya fara ba, da ɗaukar kaya ya fara, sannan aka ba shi begila saboda ƙarfin numfashinsa. Daga nan ya zama kofur, ya zama saje, har ya kai saje manjo, inda a wancan zamani baƙar fata ba ya wucewa komai iyawarsa. Yana jin Turanci, yana jin Fillanci, kuma an ce in ya daka tsawa a filin fareti har masu talla a bakin bariki sai sun gyara tsayuwa. In ya zo hutu Kano da jar dararsa da lambobin yabo a ƙirji, yara kan bi shi har ƙofar gida. Ana nan sai Turawa suka shiga yaƙi da junansu, Ingilishi da Jamus, aka kwashe su zuwa ƙasar Kamaru. Can aka kama shi da laifin leƙen asiri. An ce ya kai wa abokan gaba labarin ranar da za a kai hari, Jamusawa suka yi kwanton ɓauna, aka kashe sojojin da ke ƙarƙashinsa da dama. Biyu daga cikinsu 'yan unguwarmu ne. Aka tsayar da shi gaban fareti, aka yanke igiyoyin hannunsa, aka ɓalle lambobinsa ɗaya bayan ɗaya. An so harbe shi, sai aka dubi aikin da ya yi a baya aka mayar da hukuncin ɗauri. Abin da ya fi ci wa danginmu rai shi ne bai musa ba. Da aka tambaye shi ko ya faɗa wa wani ranar hari, ya ce ya faɗa, daga nan bai ƙara ko uffan ba.

Da ya gama zaman kurkuku ya dawo gida, ya zauna a zaure yana ɗinkin hula, hular da ba wanda ke saya a unguwar sai an kai wata kasuwa. A wannan zaman ya haifi Goggo Laraba, sannan babana. Babana ya rasu ina ƙarami, Goggo ce ta riƙe ni, ita ta sa ni makaranta, ita ta sayar da awakinta ta ba ni jarin farko. Mace ce mai tsawo, mai kaifin harshe, ba ta maimaita magana. Ta taso ana kiranta 'yar maci amana, an jefe ta a hanyar rijiya, an fasa aurenta na farko saboda sunan ubanta. Saboda haka ta kafa doka, kowa ya bi: a zuriyarmu ba a sa wa ɗa Hashimu, sunan kakana. Kun san al'adarmu, in aka yi wa mutum takwara 'ya'yansa ba za su iya kiran yaron da sunansa ba, sai dai su ce Baba. Goggo ta rantse bakinta ba zai sake kiran kowa Baba ba. Akwai kuma wani abu. Kakana cindo gare shi, ƙaramin yatsa na shida a hannun dama, kuma abin yana bin jini. Ni ma da shi na zo. An ce tun kafin a yi mini suna Goggo ta kira wanzami ya ɗaure shi da zare har ya faɗi. Ɗan tabon nan da kuke taɓawa kuna ƙanana kuna tambayata, shi ne.

To, a ƙarshen shekarun casa'in ina sayar da kayan yara a kasuwar Kwari, sai wani abokina ya ce mini kayan da muke saya a hannu na uku, a Guangzhou ake ɗinka su, in ina da zuciya in je tushe. Na je. Kai, Hashimu, ku da kuka taso kuna ganin garin a waya ba za ku gane ba. A lokacin baƙaƙen fata a garin ba mu da yawa, in ka hangi ɗan uwanka a tsallaken titi sai ka tsallaka a guje ka rungume shi ko ba ka san daga ina yake ba. Ranar da na fara shiga kasuwar Shahe na tsaya a bakin ƙofa na kasa motsi. Bene kan bene, duk tufafi, masu baro suna ihu a ba su hanya, ƙarar salatif ana ɗaure dila ba ta tsayawa. Na ce a raina ashe duk shekarun nan wasan yara muke yi a Kwari. Na koyi kalma uku na shiga ciniki da su: lawban, wato mai gida, meyo, wato babu, da shiye-shiye ta godiya. Sauran zancen kalkuleta ke yi. In ka tashi daga Shahe ka gangara kasuwar Shisanhang ka tarar da wani tashin hankalin, har ka rasa wanda za ka saya ka bar wani. Ina komawa otal ƙafafuna a kumbure amma ina dariya ni kaɗai.

Matsala ɗaya ce, abinci. Ba ka san me aka yanka ba, ba ka san wa ya yanka ba. Shi ya sa kowa ke zuwa da garin tuwo da kuka da daddawa a ƙasan akwati, mu haɗu a ɗakin mutum ɗaya mu tuƙa a tukunyar lantarki. Matan da ke sharar otal ɗin sun sha buga mana ƙofa suna toshe hanci, suna neman abin da ya mutu a ɗakin, mu kuwa mu nuna musu daddawa mu ce shiye-shiye. A wannan zaman cin tuwon na san Alhaji Isuhu, ɗan Maraɗi, mai sayen yadi yana kai wa kasuwannin Nijar. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, gajere ne mai faɗin murya, kuma shi ya fi mu duka iya tuƙi. Sai dai yana da wata ɗabi'a. Duk ranar da aka kwashe tuwo, kafin kowa ya sa hannu, sai ya ɗauki malmalar farko ya sa a robar abinci, ya zuba miya, ya rufe ya ajiye gefe. In mun gama ya sauka ƙasa ya miƙa wa wani tsoho mai baro da ke zama a bakin otal. Tsohon nan da farko kallon tuwon yake kamar zai cije shi, daga baya ya saba, har yakan zaro tsinkayensa biyu na cin abinci tun daga nesa in ya hango Alhaji. Wanda bai ga ana kokawa da miyar kuka da tsinke biyu ba, bai ga abin dariya ba.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce masa, "Alhaji, wai rabon aljanun Sin kake cirewa, don su bar maka kwantena ta isa lafiya?"

Ya ce, "Kai dai ci naka, Bakano. Ku in kunka ga an ba da abu ba ciniki, hankalinku ba ya kwanciya."

Haka muka yi ta yi tafiya biyu ko uku, ina tsokanarsa yana rama wa, ban taɓa tambayarsa da gaske ba.

A tafiyar da nake ba ku labari na bar mahaifiyarku da tsohon ciki. Mata uku muka haifa a jere kafin kai, ina son su kamar raina, amma ba zan ɓoye ba ina ɗokin namiji. Lokacin ba wayar hannu, sai ka sayi kati ka shiga ɗan akwatin waya a bakin titi, ka kira gidan maƙwabcinmu mai tarho, a aika a kira maka mutum. Wata Juma'a na kira, ƙanena ya ɗauka yana haki.

"Yaya, an sauka! Namiji ne! Ita da shi duk lafiya lau!"

Na yi kabbara da ƙarfi har wata mata da ke jiran layi ta ja da baya. Sai na ji ya rage murya.

"Amma Yaya, da cindo ya zo, a hannun dama. Goggo na gani ta tashi ta bar ɗakin. Ta ce a sa masa Aminu, kuma wanzami ya ɗaure yatsan kafin ranar suna. Kai kaɗai ake jira ka ce to."

Na ce masa zan sake kira. Ba don ina da wata gardama ba, katina ne ya kusa ƙarewa, kuma a raina na riga na ce to. Aminu suna ne mai kyau, Goggo kuwa ba a ja da ita. Na fito daga akwatin ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na shiga shagon matar da nake sayen rigunan jarirai a wurinta, na naɗe hannuwa ina jijjiga kamar mai rarrashin jariri, ina nuna ƙirjina. Ta gane, ta yi ihu, ta kira maƙwabtanta, ta cusa mini 'yan riguna jajaye a leda ta ƙi karɓar ko sisi. Da muka haɗu a masallacin Juma'a na ce wa duk Bahaushen da na gani yau tuwo a ɗakina, har da naman rago daga wurin Musulmin garin.

Mun cika ɗakin, wasu a kan gado, wasu a kan dilolin kaya. Alhaji Isuhu ya tuƙa, aka kwashe, ya ɗauki malmalar farko ya sa a robarsa kamar kullum. Ranar ina cikin farin ciki, ina jin kowa ɗan uwana ne, sai na riƙe masa hannun riga.

Na ce, "Alhaji, don Allah yau dai ka gaya mini. Tukuicin haihuwata ke nan. Rabon wane ne wannan?"

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba, ya gyara zama.

"Rabon Saje ne," in ji shi. "Gidanmu ba a tuƙa tuwo ba a cire mishi ba, tun kahin a haihe ni. Kakana na wajen uwa madugu ne, suna kai tuhwahi da kanwa ƙasar Kamaru. Yaƙin Nasara ya rutsa da su cikin wani gari da Jamus ke riƙe da shi, suna zaune zango da mata da ɗiya da jakkai. Ranar kasuwa sai ga wani baƙo ya shigo da kwandon goro bisa kai, da riga irin ta fatake, ya ce shi Bakano ne ɗan kasuwa. Kakana ya sa anka shimfiɗa mishi tabarma, anka kawo tuwo, anka aje mishi malmalar farko, yadda ake yi ma baƙo."

Da na ji Kamaru sai na sunkuyar da kai kan kwanona. A waje ban taɓa gaya wa kowa ko ni jikan wane ne ba.

Alhaji ya ci gaba. "Ya sa hannu ya kai loma biyu ko uku. Sai wata ɗiya mai rarrahe ta zo ta kama gwiwarshi ta miƙe tsaye, tana mishi dariya. Ɗiyar nan ita ce uwata. Ya dube ta, ya dubi zangon, sai ya janye hannu daga akushi. Ya ce ma kakana, ni ba ɗan kasuwa ba ne, soja ne, Ingilishi sunka turo ni in gano musu inda igwa za ta sauka. Zangon ga naku yana jikin barikin Jamus, ba abin da zai rage. Ku kwashe iyalinku ku bar garin kahin Juma'a. Ya tashi ya tahi, ya bar goronshi, ya bar tuwonshi."

Alhaji ya ɗora da cewa:

"Sunka ɗaura ma jakkai kaya sunka hita. Ba a jima ba zangon ya koma toka. Daga baya labari ya iske su a hanya, wai Jamus da sunka ga zango ya watse sun gane hari na tahe, sunka canja wuri, sunka tare Ingilishi. Wai an kama wani saje Bakano an ɗaure shi. Kakana ya yi kuka, ya ce mutumin ga bai ƙarasa tuwonshi ba gidana. Duk ranar da anka tuƙa, a cire mishi a ba mabuƙaci, Allah Ya kai mishi ladar. Wala, shi ke nan."

Na ce, "Ya sunansa?"

"Ba mu sani ba. Saje dai muke cewa. Shekara tamanin muna ciyar da mutum ba mu san sunanshi ba. Abu guda kakana ya riƙe, don hannun yana gabanshi cikin akushi. Cindo gare shi a hannun dama."

Ban san lokacin da na miƙe ba, har na ture kwanon miya. Na miƙa masa hannuna, na juya gefen ƙaramin yatsa, na nuna masa tabon. Na so in yi bayani a tsanake, amma maganar ta riƙa fitowa a hargitse: kakana, saje manjo, Kamaru, ɗauri, jaririn da aka haifa yau da yatsa shida. Alhaji ya kama hannun da hannu biyu ya kai shi dab da idonsa, kamar mai duba yadi.

"Mi sunanshi? Bakano, hwaɗi mini sunanshi!"

Ina da shekara kusan arba'in a duniya ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Na buɗe baki sau biyu ya ƙi fita. A na uku na ce, "Hashimu."

Wayyo, sai ka ga Alhaji Isuhu! Dattijo da gemunsa ya daka tsalle ya dire, yana kabbara yana kuka, yana maimaita sunan kamar kada ya sulluɓe masa. Ya rungume ni har hularsa ta faɗa cikin miya. Ya buɗe ƙofa ya fita baranda yana faɗa wa bango, "Hashimu ne! Sunanshi Hashimu!" Matan shara suka taho a guje sun ɗauka gobara ce. Sauran 'yan kasuwa kowa na magana ba mai sauraron wani, wannan na cewa ikon Allah, wancan na cewa a ce sai an zo bangon duniya za a haɗu. Ni ina tsakiya ina dariya hawaye na zuba. Kunyar da na goya tun ina yaro na ji ta sauka daga bayana a tsaye a wurin. Alhaji ya dawo ya buɗe robar nan ya tura gabana, ya ce jikan Saje ya ci rabon Saje. Na gutsura na kai baki, wallahi ta ƙi wucewa. Muka rufe muka kai wa tsoho mai baro kamar kullum.

Daga nan akwatin waya na nufa da sabon kati. Na ce wa ƙanena kada a taɓa yatsan, kada a raɗa suna, ga ni nan tafe. Ya ce me zai gaya wa Goggo, na ce ya ce mata ina hanya. Ban gama rabin sayayyata ba. Alhaji ya ce in bar masa komai, shi zai ƙarasa ya kai wa masu kago, wato masu aika kaya gida, a unguwar Baiyun, kuma haka ya yi, ko safa ɗaya ba ta ɓace ba. Na canja jirgi sau biyu, ban runtsa ba, ina ta shirya yadda zan faɗa wa Goggo. A zatona da ta ji za ta faɗi ta yi sujada.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe labarin duka na ba ta, har da ɗiyar da ta kama gwiwa, har da malmalar da ake cirewa. Ta saurara ba ta ɗago kai ba. Da na gama ta ci gaba da tsintar kamar ban yi magana ba, sannan ta ce:

"To, na ji. Waɗanda suka tsira sun gode masa. Waɗanda suka mutu fa, Sabi'u? Ga gidan Malam Tanko can kana fita ka gan shi, ubansa a wannan harin ya tafi, bai taɓa ganinsa ba. Shi wa ke cire wa ubansa tuwo?"

Gaskiya ta faɗa. Har yau ba ni da amsar. Ban taɓa ce muku kakana ba shi da alhakin kowa ba. Mutum ne da aka ajiye masa rayuka a hannun dama da na hagu, ya ga waɗanda ke gabansa ya manta da na bayansa, ko kuwa bai manta ba, ya dai zaɓa. Shi ya sa bai musa ba a gaban Turawa.

Na ce, "Goggo, ban ce bai yi laifi ba. Amma ya sha ɗauri, ya sha zaman zaure, mu ma mun binne sunansa. Rabi kawai muka sani muka yanke masa hukunci. Ina so in sa wa yaron nan sunansa."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. "Ni aka jefa, ba kai ba. Ɗanka ne, sa masa abin da ka ga dama. Amma in ka sa, ka cire ni a ciki."

Na sa. Da safiyar suna, liman ya tambaya a kunne na faɗa masa, ya sake tambaya saboda ya san tarihin gidan, na maimaita. Da maroƙi ya ɗaga murya ya ce an raɗa wa yaro Hashimu, na ga dattawan unguwa suna kallon juna, wasu suka tashi ba su ɗauki goro ba. Ana cikin haka sai ga motoci biyu masu lambar Nijar sun tsaya a ƙofar gida. Ashe Alhaji Isuhu ya buga waya Maraɗi. 'Yan uwansa ne, maza da mata, da rago kamar ɗan maraƙi, suna guɗa tun daga bakin layi. Da su har da wata tsohuwa tukuf da aka sauko da ita a hannu, mahaifiyar Alhaji, ita ce ɗiyar da ta kama gwiwar Saje. Aka ɗora ka a cinyarta, ta lalubo hannunka ta sumbaci ɗan yatsan, ta ce yau ta biya gaisuwar da ake binta tun tana rarrafe. Unguwa ta cika, waɗanda suka tashi ma wasu suka dawo kallo. Tsohuwar ta roƙi a kai ta ga 'yar Saje. Goggo ta kulle ƙofarta, ba ta buɗe ba har suka tafi.

Abin da sunanka ya ci mini ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Gida ɗaya muke, sashenta na kallon namu, amma matar da ta riƙe ni ta daina cin abincin gidana. In mahaifiyarku ta aika da kwano, ya dawo a rufe yadda ya tafi. In na gaishe ta ta amsa a gajarce kamar baƙo. In na dawo daga Guangzhou da tsaraba ta ce a ba mabuƙata. Kai kuwa ba ta taɓa ɗaukarka ba, in dole ta ambace ka sai ta ce yaron nan. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, kuma akwai ranakun da na ce da na sani na bar Aminu kowa ya huta. Mu dai a sashenmu mun ɗauki al'adar mutanen Maraɗi, malmalar farko ta Saje ce, kamar yadda kuka taso kuka gani.

Kana da shekara huɗu, wata rana da azahar na dawo daga kasuwa, ina cire takalmi a zaure sai na hango ka a sashen Goggo. Ka sulale wa mahaifiyarka. Goggo na zaune a tabarma da kwanon tuwonta, kai kuma ba sallama ba neman izini ka zauna ka zura hannu a ciki. Na daskare a inda nake, ina jiran tsawa. Ba ta yi ba. Idonta na kan hannun nan naka mai yatsa shida a cikin kwano, ta daɗe tana kallonsa. Ka kai loma biyu, sai ka ji yara na wasa a waje, ka miƙe za ka ruga.

Daga baya, bayan mun shirya, ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ita ke kai wa mahaifinta abinci zaure tun tana ƙarama har ya rasu, kuma bai taɓa cinye tuwonsa ba ko sau ɗaya. Kullum sai ya kai loma kaɗan ya janye hannu ya tura mata kwanon. Sun ɗauka girkin ne bai yi masa ba.

Sunan da za ka sa wa naka ɗan, ruwanka, ba zan sa baki ba. Na dai so ka san abin da na ji da kunnena ranar, ina tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Ka kai bakin ƙofa ke nan Goggo ta yi magana, da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Baba," ta ce. "Dawo ka ƙarasa tuwonka."

Ka dawo ka zauna, ka cinye tas, har ka suɗe kwanon.